Gizo a Rufin Ɗaki, Jemage a Kan Kuka: Tarihin Zama da Ƙananan Halittu a Gidajen Batsari da Safana

Gidan manomi a ƙasar Batsari da Safana, tun da can, mazauni ne na halittu da yawa ban da mai gidan da iyalinsa da dabbobin da ya ɗaure a turke. Akwai gizo-gizo a cikin jinka, tsaka a jikin bango, ƙadangare a kan katanga, jemage a tsakanin azara, kusu a gindin rumbu, kunama a ƙarƙashin tubalin da aka jibge. Babu wanda ya gayyace su, amma kowace akwai hukuncin da al'ada ta yanke mata: wata a ƙyale ta, wata a kore ta, wata kuwa a kashe ta nan take. Wannan rabo ya samo asali ne daga yanayin ƙasar, da irin kayan da ake gini da su, da karatun addini, da tatsuniya, kuma ya sauya sosai a cikin shekaru ɗari da suka wuce.

Ƙananan hukumomin biyu suna yammacin Jihar Katsina, sun jingina da Dajin Rugu wanda ya miƙa har cikin Zamfara. Ƙasa ce mai duwatsu jefi-jefi da fadamu, da itatuwan kuka, ɗorawa, tsamiya, kaɗanya da gawo. Girman dajin kansa yana da nasaba da yaƙi. Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina wajen 1807, sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, daga nan kuma aka shafe ƙarni na 19 ana kai wa juna hari. Yankin da ke tsakani ya rage mutane, gonaki suka koma kurmi, waɗanda suka rage suka tattaru a garuruwa masu ganuwa irin su Ruma da Zakka. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a watan Maris na 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, cikin babban ayari, domin ba a ratsa wannan daji da mutane ƙalilan. A irin wannan zama, daji yana farawa ne daga bayan ganuwa. Kura takan zagayo gari da dare, shi ya sa ake kwana da awaki a cikin gida, a rufe kaji a akurki, a kewaye garke da ƙaya. Hatta kirarin shahararren mayaƙin ƙasar Ruma, Ɗanwaire, daga dawa aka ɗauko shi, aka kira shi gwanki sha bara. Bayan zuwan Turawa a 1903 hare-haren suka lafa, mutane suka fantsama suna kafa ƙauyuka da sare daji, manyan namun dawa suka riƙa ja da baya. Duk da haka, har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 akwai garken giwaye da ke kai-komo tsakanin dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi da dazuzzukan wannan gefen iyaka.

Manyan sun tafi, ƙananan suka zauna, domin ginin gargajiya kansa masauki ne. Ɗakin ƙasa mai jinka yana da tanka da kara da shuci, kowanne da lungunsa. Soro yana da azarar giginya da aka jera aka zuba ƙasa a kai, tsakanin azara da azara kuwa akwai rata mai duhu da sanyi. Bangon tubali yakan tsage bayan damina biyu ko uku in ba a yi masa yaɓe ba, kuma daga nan Bahaushe ya samo karin maganarsa cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Danga da zana suna tara ƙwari, randa tana jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinta, rumbu yana kiran duk wani mai son hatsi. Abin da ke rage yawan baƙin shi ne hayaƙi. Ɗakin da ake hura wuta a ciki lokacin hunturu, rufinsa yakan yi baƙi ƙirin da kunkunniya, gara da sauran ƙwari ba su cika damunsa ba, shi ya sa jinkar ɗakin girki ta fi ta sauran ɗakuna daɗewa.

Gizo-gizo ne ya fi kowa samun rangwame. Matar gida takan ɗaura tsintsiya a kan gora ta share yana daga rufi, musamman gabanin salla ko biki, domin ɗaki mai yana shaida ce ta ƙazanta, wasu ma suna cewa yana jawo tsiya. Amma yanar ake nufi. Shi kansa gizon in ya faɗo ya ruga cikin tanka, da wuya a bi shi, kwana biyu kuma ya sake saƙa wata a inda aka share. Akwai dalilai biyu da suka tsaya masa. Na farko addini ne: sura ta 29 a Alƙur'ani sunansa take ɗauke da shi, Ankabut, kuma kowane yaro ya ji labarin yanar da aka saƙa a bakin kogon Saur lokacin hijira, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan ingancin ruwayar. Na biyu tatsuniya ce. Gizo, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki da kwaɗayi da wayo, shi ne gwarzon hirar dare, wanda ke damfarar kura da zaki ya kwana lafiya. Ana rufe tatsuniya da ƙurunƙus kan kusu, a kuma jingina ƙaryar da aka shara a wuyan Gizo. Jami'in mulkin mallaka Frank Edgar ya tattara irin waɗannan labarai masu yawa a littattafansa na tatsuniyoyi da suka fito tsakanin 1911 da 1913. Da intanet ta zo, ba a sami sunan da ya fi dacewa da ita ba sai yanar gizo. A zahiri kuwa aikinsa a ɗaki kama ƙuda da sauro da ƙananan ƙwari ne, kuma mafi yawan na cikin gida ba su da dafin da zai cutar da mutum.

Tautau ne kaɗai a danginsa ya yi baƙin jini. An yi imani cewa in ya bi ta jikin mai barci, ko ya yi masa fitsari, wurin zai yi ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi, har cutar ma ana kiranta da sunansa. Likitoci sun fi danganta irin waɗannan ƙuraje da wasu ƙwari masu ruwan ƙuna da ke zuwa wurin fitila da damina, ko kuma da ƙwayar cutar da ke kwance a jijiya tun ƙuruciya ta farka daga baya. Sunan dai ya riga ya bi shi.

Babban maƙiyin gizo-gizo a ɗaki ba tsintsiya ba ce, zanzaro ne. Macen takan ɗebo laka daga bakin randa ko inda aka zubar da ruwan wanke-wanke, ta dunƙula ta kamar ƙwayar gero, ta kai kusurwar bango ko bayan ƙofa, ta yi ta sawu tana ƙara mai kama da zuga har ta gina ɗan ɗaki mai tsawon gaɓar yatsa. Sai ta kamo gizo-gizo ko tsutsa, ta harbe su su sandare ba tare da sun mutu ba, ta cusa su ciki, ta saka ƙwai, ta liƙe bakin. Ɗan da zai ƙyanƙyashe ya tarar da abincinsa bai ruɓe ba. Ba ta cika harbin mutum ba, saɓanin rina, don haka ake barin ginin nata, wasu ma sukan ɓanɓare shi su jiƙa don shafawa a kumburi. Siririn ƙugunta ne ya sa ake ce wa wanda ya cusa riga cikin wando ya yi zanzaro.

Jemage iri biyu ne a idon mai gida. Akwai ƙarami mai cin ƙwari, wanda ke kwana a ratar azara, a zauren da ba a cika shiga ba, a tsohon masallaci, a kogon kuka ko na dutse. Da an yi magariba sai ya fito yana shawagi a tsakar gida yana cafke ƙwari. Laifinsa wari ne da kashi, wanda ke zubowa daga rufi kamar baƙar shinkafa ya ɓata tabarma da shimfiɗa. Maganinsa na da shi ne a turara hayaƙi, ko a toshe ramin da laka bayan ya fita kiwo. Sai babba mai cin 'ya'yan itace, mai fuska kamar ta kare, wanda wani nau'insa kan biyo damina daga kudu ya sauka a manyan itatuwa da ɗaruruwa. Shi mai mangwaro da gwaba ke kuka da shi, shi kuma yara ke harba da danƙo. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne aikin da yake yi da dare. Furen kuka yana buɗewa ne da almuru, fari, mai wani irin wari, yana reto a kan dogon sili, kuma jemage na cikin manyan masu kai masa barbara. Haka tutun ɗorawa, haka furen rimi. Ke nan kalwar da ake daddawa da ita, da garin 'ya'yan kuka da ake damawa, akwai hannun jemage a cikinsu. Shi ne kuma ke ɗaukar 'ya'yan kaɗanya da ɓaure da bedi ya yar da ƙwallon a nesa. Bedin nan, wato dogon yaro, baƙo ne daga ƙasar Indiya da aka fara dasawa a Borno a 1928, kuma jemage na cikin waɗanda suka taimaka ya bazu har inda ba wanda ya dasa shi.

Al'ada ba ta san inda za ta ajiye jemage ba: yana tashi amma ba shi da gashin tsuntsu, yana da haƙora, yana shayarwa, yana kwana kai a ƙasa. Wannan ya sa ake ɗan tsarguwa da shi, bokaye kuma sukan nemi sassansa. Tsoronsa na zamani daga rediyo ya zo. Lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, an yi ta gargaɗin a guji jemage da 'ya'yan itacen da ya gatsa. An ayyana Najeriya ta rabu da cutar a watan Oktoban shekarar, amma gargaɗin ya zauna, kuma yana da tushe, domin tun 1956 aka gano wata ƙwayar cuta dangin ta haukan kare a jikin jemagun Legas. Abin da masana ke faɗa shi ne kada a taɓa shi da hannu, kada a ci ragowarsa. Sare itacen da yake kwana ba ya cikin shawarar.

A wajen tsaka, al'ada da addini bakinsu ɗaya. Ana cewa in ta faɗa a abinci ko ta sa baki a ruwa akwai guba, wasu har da kuturta suke danganta ta, hadisi kuma ya zo da umarnin kashe ta. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da duk ɗalibin zaure a ƙasar Katsina ke bi ta kansa, ta taɓo waɗannan halittu a babukanta na ƙarshe: a kashe tsaka, an ƙi a kashe kwaɗo, an ƙi a ƙona ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, tururuwa kuwa ba laifi a kashe ta in ta yi ɓarnar da ba za a iya jurewa ba, amma barinta ya fi. Binciken zamani bai sami dafi a jikin tsaka ba, illa dai tana iya ɗauko ƙazanta ta sa a abincin da aka bari a buɗe, kamar yadda kyankyaso ke yi. Ƙadangare ya fi ta sa'a. Yana shan ruwan kasko albarkacin kaza, yana gyaɗa kai a kan katanga, ba mai kula shi sai yara masu koyon harbi. Na bakin tulu ne kawai ya zama misalin abin da ya gagara, a kar shi a kar tulu, a bar shi ya ɓata ruwa.

Maciji da kunama su ne inda zaman ya zama na hattara. Dabi'u da yawa na yau da kullum daga gare su suka fito: kakkaɓe takalmi kafin a sa, girgiza tabarma kafin a shimfiɗa, ɗaga dami da sanda kafin a sa hannu, share ciyawar bayan ɗaki da farkon damina, haska fitila kafin a shiga makewayi. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, ita ta fi kisa a ƙasashen savana na Najeriya. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da tsofaffin miyaku. Kasa takan kwanta a hanya ba ta gudu. Kumurci kuwa kaji da ƙwai ke kawo shi akurki, yana kuma feshin dafi a ido. Mafi yawan macizan da ke shiga gida kusu suke bi, don haka gidan da ya tara kusu ya kira maciji.

Duk da haka ba kowane maciji ake kashewa ba a da. A wajen Maguzawa kowane dangi yana da dabbar da ba ya kashewa ba ya ci, wasu gidaje kuma suna ɗaukar macijin da ya zauna a cikinsu a matsayin kan gida, a bar shi ya yi harkarsa. A bori akwai Danko ɗan Musa, iskan da ke bayyana da siffar maciji. Musulunci ma ya bar wata kafa: akwai hadisin da ya ce a yi wa macijin gida gargaɗi har kwana uku kafin a kashe shi, saboda yiwuwar aljani ne, Risala ma ta kawo zancen. Wanda aka sara kuwa wurin mai magani ake fara kai shi, a ɗaure, a tsaga, a shafa, a ba shi jiƙo. Da yake sara da yawa na macizai marasa dafi ne, ko maciji bai zuba dafin ba, masu magani sun yi suna da warkarwa. Saran kububuwa na gaske kuwa allurar kashe dafi ce kaɗai ke tsayar da shi, ɗauri da tsagawa ƙara ɓarna suke yi. Asibitin da ya fi shahara da wannan aiki yana Kaltungo a Jihar Gombe, nesa ƙwarai da garuruwan yankin irin su Runka ko Wagini, kuma sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su.

Yaƙin da ba ya ƙarewa na rumbu ne. Ana ɗora rumbu ko rufewa a kan duwatsu don gara da danshi, a zuba toka a gindi, a cuɗa wake da toka ko yashi, a ajiye mussa a gida. Gafiya takan haƙo rami ta ƙarƙashin katanga, yara su yi mata hayaƙi su kama. Jaɓa ana ƙyamar warinta da tsuwwarta, alhali ƙwari take ci. Gara tana cin azara da zana da littafi, amma idan ruwan farko ya sauka, shinge ya fito, sai a kafa fitila da ƙwaryar ruwa a tara a soya. Kusu ne abin ya fi tsananta a kansa tun da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, aka kuma tabbatar wani nau'in ɓeran gida da gona ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abincin da aka shanya.

Tsuntsaye ma an raba musu matsayi. Shamuwa takan iso gab da damina ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari, ganinta na nufin a gyara kayan shuka, kuma ba a taɓa ta. Tsattsewa tana gini a zaure, baiwar Allah tana shiga har ɗaki ta tsinci tsaki. Mujiya kuwa in ta yi kuka a kan soro sai a tashi a jefe ta, ana cewa mugun labari ta kawo, alhali ɓerayen gidan take farauta. Shirwa maƙiyiyar mai 'yan tsaki ce. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta da bakin kasuwa, yanzu sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba. A 2015 aka sa irin wadda ke zama a gari cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma farautarta don tsibbu da cin mushen da aka sa wa guba na cikin manyan dalilai.

Sauyin wannan zama ya fara ne da duba-gari na zamanin En'e, masu shiga gida su leƙa randa da kwata, su ci tarar mai ƙazanta. Daga baya kwano ya maye jinka, bulo da siminti suka maye tubali, daɓen siminti ya toshe ramuka. Kunama da gara sun ragu a irin waɗannan ɗakuna, amma silin ya buɗe sabon masauki, domin tsakaninsa da kwano jemage da kusu sun sami inda hannu ba ya kaiwa, hayaƙi ma ba ya zuwa. Sai magungunan feshi: gamalin a da, fiya-fiya daga baya, waɗanda ba su bambance gizo-gizo da kuɗin cizo. Yawan shan irin wannan guba, bisa kuskure ko da gangan, ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni a 2019. Gidan sauro mai magani, da aka fara rabawa gida-gida a faɗin ƙasa daga 2009, ya fi su amfani nesa ba kusa ba, yana kuma kare mai barci a ƙasa daga kunama da maciji. A waje kuma fari na 1973 da na 1984, da saran itacen girki da gawayi, sun rage manyan itatuwan da jemage da shamuwa da zuma ke dogaro da su. Idan aka auna, marasa cutarwa ne suka fi raguwa, sauro da kusu da kuɗin cizo kuwa suna nan daram.

Rashin tsaron da ya addabi yankin, musamman daga 2019, ya juya wani ɓangare na wannan tarihi baya. Dajin Rugu, wanda aka keɓe sashensa na Ruma da Kukar Jangarai don kiwo tun shekarun 1960, ya zama mafakar 'yan bindiga, ƙauyuka da dama na bakin daji suka watse zuwa garuruwan Batsari da Safana da birnin Katsina. Gidan ƙasa in ya rasa mai yaɓe da mai hura wuta, damina kaɗan ke kayar da shi: gara ta cinye azara, jemage ya cika ɗakin da ya rage, ciyawa ta rufe tsakar gida. Waɗanda suka kwana a gona ko cikin duwatsu don gudun hari sun koma fuskantar maciji da kunama ba fitila ba takalmi, hanyar asibiti kuma ba ta biyuwa da dare. Masu komawa gida bayan an sami lafawa, aikinsu na farko shi ne sassabe tsakar gida da tura hayaƙi a kowane ɗaki kafin a shigar da yara.